Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Uba Sani: A Buɗe Wa Kudancin Kaduna Takardunsa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna,
Sanata Uba Sani,
Gidan Sir Kashim Ibrahim, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Wannan wasiƙa daga Kafanchan ta fito, kuma an zaɓi a buga ta a fili ne saboda abin da take nema an daɗe ana bin sa ta ƙofar ofis ba a samu ba. Ƙungiyoyin raya ƙasa sun rubuta koke, sarakuna sun yi magana a taruka, limamai da fastoci sun tsaya gaban kwamiti bayan kwamiti sun ba da shaida. An karɓi maganarsu an rubuta. Abin da mutanen yankin nan suke roƙo yanzu shi ne a nuna musu abin da aka rubuta ɗin.

Kafin koke, akwai godiya. A zamaninka ne, a 2025, aka mayar da Babban Asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan cibiyar lafiya ta tarayya, aka kuma samu jami'ar tarayya a Kachia. Mutanen kudu sun gani, sun yaba. Shi ya sa ma suke ganin kai ne za a iya faɗa wa wannan magana kai tsaye, musamman da yake a fafutukar kare haƙƙin jama'a ka yi suna tun zamanin mulkin soja, tun kafin ka shiga majalisar dattawa.

Mai Girma Gwamna, da wuya a samu yankin da aka bincika a Arewa kamar wannan. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, wadda a lokacin tana cikin jihar nan. Gwamnan soja Abubakar Dangiwa Umar ya kafa kwamiti ƙarƙashin Hansine Donli, gwamnatin tarayya kuma ta kafa kotun musamman ta Mai Shari'a Karibi-Whyte. A Fabrairu da Mayun 1992 aka yi na Zangon Kataf, wanda ya faro daga batun tayar da kasuwa. Aka kafa hukumar bincike ta Mai Shari'a Rahila Cudjoe, sannan kotun Okadigbo da ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa, kafin a sassauta. A 1995 kwamitin sulhu na Usman Mu'azu ya miƙa nasa rahoton. A Mayun 1999 Kafanchan ta sake kamawa kan naɗin sabon Sarkin Jama'a. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka zubar da jini a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, babbar kasuwar garin ta ƙone; marigayi Gwamna Yakowa ya kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammad Lawal Bello, Abuja kuma ta kafa kwamitin Sheikh Ahmed Lemu. A 2015 Janar Martin Luther Agwai ya jagoranci wani kwamitin kan kashe-kashen kudancin jihar.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da kuɗin jama'a aka yi shi. An biya alawus, an ɗauki masu buga rubutu, an ɗaure rahoto da bango mai kauri an miƙa wa gwamna a gaban 'yan jarida. Matan da suka rasa mazajensu sun bar gona sun zo sun ba da labari suna kuka. 'Yan kasuwa sun lissafa shagunan da suka ƙone. Amma a yau, in ɗalibi a harabar Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan ya ce yana son karanta abin da Donli ta gano game da garin da yake zaune a ciki, sai ya shiga neman wanda ya san wani da ya taɓa ajiye kwafi.

Na Zangon Kataf ya fi kowanne ciwo. Sai a 2020, bayan wani sabon rikici kan gonaki a daidai wannan wuri, gwamnatin jiha ta kafa kwamitin da zai tsara farar takarda, wato matsayar gwamnati, a kan rahoton Cudjoe da na Mu'azu. Shekara 28 ke nan bayan na farko, 25 bayan na biyu. Yaron da aka haifa a shekarar da kasuwar Zango ta jawo faɗa ya girma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, kafin gwamnati ta zauna ta duba abin da ita da kanta ta sa aka bincika. A tsawon waɗannan shekaru dattawan da suka san inda iyakar kowace gona ta tsaya sun yi ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka gaje su labari suka gada, kuma labarin da ake bayarwa a cikin garin Zango daban yake da wanda ake bayarwa a ƙauyukan Atyap da ke kewaye da shi.

Nan ne illar take, ranka ya daɗe. Kowace al'umma a yankin nan, Bajju da Atyap da Fantswam da Kaninkon da Kagoro da Ham da Hausawa da Fulani, tana riƙe da nata lissafin: wa ya fara, mutum nawa aka kashe, wa aka kama, wa aka saki. Ana koya wa yara wannan lissafi a gida da wuraren ibada, yanzu kuma a WhatsApp da Facebook. Babu wata takarda ɗaya da matashin Zonkwa da matashin unguwar Hausawa a Kafanchan za su buɗe tare su ce ga abin da aka tabbatar, ga abin da aka ƙaryata. Duk inda hukuma ta yi shiru, mai zuga ne yake samun fili, kuma shirun kansa ya zama hujja a bakinsa: "Da ba su da abin ɓoyewa, da sun fitar." Musulmi yana faɗin haka, Kirista yana faɗin haka, kowa yana zargin an rufe rahoton ne don a kare ɗaya ɓangaren.

Za a samu masu ba ka shawara cewa fitar da waɗannan rahotanni tonon tsohon miki ne. Maganarsu tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Akwai ɓangarorin da tun farko suka ce ba su yarda da yadda aka haɗa wasu kwamitocin ba, akwai kuma shaidun da ambaton sunansu zai iya jefa iyalansu cikin haɗari. Amma maganin wannan yana hannu. A fitar da rahoto haɗe da takardun da kowane ɓangare ya gabatar da kuma ƙorafin waɗanda suka ƙi amincewa da shi, mai karatu ya ga duka. Sunan da ke buƙatar kariya a rufe shi a saki sauran, kamar yadda doka ma ta tanada. Ƙasar nan ta riga ta gwada rufewar: kwamitin Oputa, mai binciken take haƙƙin ɗan Adam, ya miƙa rahotonsa a 2002, gwamnati ba ta fitar ba, ƙungiyoyin farar hula suka wallafa shi da kansu a 2005. Ƙasa ba ta kama da wuta ba. Abin da aka yi asara kawai shi ne mutuncin da gwamnati za ta samu da ita ce ta fitar da hannunta.

A Kafanchan ɗin nan ma an ga amfanin takarda a fili. A ranar 23 ga Maris, 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf da Kachia da Sanga suka sa hannu kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan. Ba ta kawo ƙarshen kashe-kashe ba, amma an buga ta, kowa yana iya karantawa ya tuna wa maƙwabcinsa alkawarin da ya ɗauka.

Batun diyya ya shiga nan. Bisa shawarar kwamitin Lemu, gwamnatin tarayya ta saki kuɗi ga jihohin da rikicin 2011 ya shafa. A Disambar 2016 kuma gwamnan lokacin, Malam Nasir El-Rufai, ya shaida wa 'yan jarida cewa gwamnatinsa ta bi sawun wasu makiyaya da rikicin 2011 ya rutsa da su ta biya su diyya domin a daina ramuwar gayya. Har gobe ana jayayya kan wannan magana a wuraren shan shayi da tashoshin mota. Wasu na ganin hikima ce, wasu na ganin cin amana ce. Takardar biya guda ɗaya, mai nuna nawa aka fitar, daga wane asusu, bisa wane ma'auni, za ta kashe rabin wannan gardama. Haka ɗan kasuwar da shagonsa ya ƙone a 2011 yake da haƙƙin ganin jerin waɗanda aka biya, ya san ko sunansa ya faɗi ne a hanya ko tun farko ba a rubuta shi ba. Manoman citta na Kachia da Jaba da Kagarko, waɗanda cuta ta cinye musu amfanin gona a daminar 2023, irin wannan tambaya suke yi game da tallafin da aka sanar.

Sai maganar ƙasa, wadda ita ce uwar yawancin rigingimun. Takardun iyakokin yankin nan a warwatse suke tun zamanin Turawa. A 1926 an sa Jama'a ƙarƙashin Lardin Filato, alhali Zangon Kataf da Kachia suna Lardin Zariya, don haka rahotannin jami'an mulki da taswirorin gundumomi suna cikin fayilolin larduna daban-daban a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Dagacin da ke son ganin abin da aka rubuta kan iyakar ƙauyensa sai ya yi tafiyar sa'o'i, ya kwana, ya nemi mai karanta masa tsohon Turanci. Ga kuma wani giɓi na kwanan nan. A 2017 an rage gundumomin jihar daga 390 zuwa 77. Ofisoshin hakimai 313 aka rufe, kuma a irin waɗannan ofisoshi ne ake ajiye littafin sayar da gona, da takardar rabon gado, da sulhun da aka yi tsakanin manomi da makiyayi a gaban shaidu. Ina waɗannan littattafai suka koma? Wa ya karɓa, wa ya sa hannu? Hukumar filaye ta jiha, KADGIS, ta yi ƙoƙari wajen sa takardun filayen birni a kwamfuta, amma gonar gado a Godogodo ko Fadan Kagoma shaidarta tana cikin waɗancan littattafai, kuma gara da ɗigon rufi suna cin su a duk inda aka jibge su.

Haka batun makiyayar Laduga a Kachia. Makiyaya suna da iyakar da suka sani, maƙwabtansu manoma suna da tasu. Gazet da taswirar da gwamnati take aiki da su ya kamata a ce suna manne a bangon sakatariyar ƙaramar hukuma da fadar kowane basarake da abin ya shafa.

Wannan duk manyan takardu ne. Akwai ƙanana, waɗanda su ne suke sa talaka ya yanke hukunci kan gwamnati. Duk wanda ya taɓa raka tsohon malamin firamare neman fanshonsa ya haddace amsoshin: "Ba a ga fayil ɗin ba." "Mai makullin ya fita." "Ka dawo jibi." "Sai ka je Kaduna." Mutum ya yi shekara 35 yana koyarwa, sannan a ce shi ne zai kawo takardar ɗaukarsa aiki da ta ƙarin girmansa na farko, bayan gidan da ya ajiye su ya ƙone a rikicin da hukuma ta kasa hanawa. Ajiye fayil ɗin ma'aikaci aikin wanda ya ɗauke shi ne. Kuma yanzu da asibitin Kafanchan ya koma hannun tarayya, katunan marasa lafiya na shekaru da fayilolin ma'aikatansa suna buƙatar a ƙirga su a miƙa su a rubuce, kada mai ciwon suga ko mai hawan jini ya zo a ce masa tarihinsa ya ɓata a wajen sauyin hannu.

Ranka ya daɗe, abin da ake nema doka ta riga ta bayar. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011, ta ce kowa yana iya neman bayani daga hukuma ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma a ba shi amsa cikin kwana 7. Ta wajabta wa kowace ma'aikata ta adana takardunta yadda za a iya samo su. Ta ce wanda bai iya rubutu ba yana iya nema da baki, jami'i ya rubuta masa. Ta sa tarar naira 500,000 kan hana bayani ba bisa ƙa'ida ba, da ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba ga jami'in da ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan. Shekara da shekaru jihohi suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A ranar 11 ga Afrilu, 2025, a shari'ar da ta taso daga Jihar Edo, Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofa: dokar tana aiki a kan jihohi ma. Saura sakataren da ke zaune a ofishin ƙaramar hukumar Kaura ko Kauru ya ji daga bakin gwamnansa cewa ba za a hukunta shi ba in ya bayar da takarda, za a hukunta shi in ya hana. A yanzu tsoronsa akasin haka yake, shi ya sa yake cewa sai oga ya dawo.

Kai ma ka ɗanɗana wannan matsala. A Maris 2024 ka fito ka faɗa wa jama'a cewa ka gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85 da kwangiloli 115 da ba a kammala biya ba. Majalisar dokoki ta kafa kwamiti, a Yuni ta fitar da rahoto mai ɗauke da zarge-zarge, tsohon gwamna El-Rufai ya musanta ya tafi kotu. Wannan wasiƙa ba ta shiga tsakani ba. Abin lura shi ne da takardun basussuka da na kwangiloli suna fili tun ranar da aka sa musu hannu, da ba a kai ga majalisa tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya don gano abin da aka yi da sunan jiha ba. Wasu daga cikin titunan da aka fara a shirin sabunta birane a Kafanchan suke. Masu shaguna a bakinsu suna son sanin wa aka ba, nawa aka biya, yaushe ya kamata a gama.

Jihar Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan fage, kuma adalci ne a faɗa. Ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati na duniya a 2018, tana buga kasafinta a intanet, ta fito da shirin Eyes and Ears don jama'a su sa ido kan ayyuka. Ma'aikatar tsaron cikin gida, ƙarƙashin Samuel Aruwan, ta riƙa fitar da alƙaluma: mutum 937 aka kashe, 1,972 aka sace a 2020, 1,192 aka kashe, 3,348 aka sace a 2021. Alƙaluman ba su yi wa gwamnati daɗi ba, wasu ma sun ce sun gaza gaskiyar lamarin, amma an samu abin da za a riƙe a yi gardama a kansa. Inda aka gaza shi ne yawancin wannan buɗewa da Turanci take, a waya mai intanet, a Kaduna. Tsohuwar da ke tallan doya a Gidan Waya ba ta cikin lissafin. A jihar Rajasthan ta Indiya, a shekarun 1990, ƙauyawa sun riƙa taruwa ana karanta musu takardun biyan leburori da babbar murya. Nan take ake jin sunan mamaci a cikin waɗanda aka ce sun karɓi kuɗi. Wannan yunƙuri na cikin abin da ya haifar da dokar samun bayanai ta ƙasar a 2005. Hausa ce harshen kasuwa da coci da masallaci a kudancin Kaduna, kuma gwamnatin jiha tana da gidan rediyo a Kafanchan.

Saboda haka, Mai Girma Gwamna, ga roƙon. A tattaro rahotannin Donli da Cudjoe da Mu'azu da Lawal Bello da Agwai, da duk farar takardar da aka yi a kansu, haɗe da takardun da ɓangarori suka gabatar, a buga su, a sa a intanet, a fassara taƙaitawarsu da Hausa. A nemi Hukumar Zaman Lafiya ta jiha da sarakuna da shugabannin addini su zauna a kai kafin ranar fitarwa, domin su ne za su fara amsa tambayoyin jama'a. Ka sa rana, ka faɗe ta a fili.

A buɗe gidan adana takardu a Kafanchan, ko a harabar jami'ar jiha ko a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, inda za a ajiye waɗannan rahotanni da kwafin fayilolin Jama'a da na kudancin Lardin Zariya daga ma'adanar ƙasa da Gidan Arewa. A tura ma'aikata su bi ofisoshin hakiman da aka rufe a 2017 su ƙirga littattafan da suka rage, a ɗauki hotonsu a kwamfuta tun kafin wata daminar. A kuma aika wa majalisar dokoki ƙudurin dokar adana takardun jiha, wadda za ta fayyace wa ke riƙe da me, na shekara nawa, da abin da zai biyo baya in fayil ya ɓata a hannun jami'i.

A kowace sakatariya ta ƙananan hukumomi takwas na shiyyar, Jama'a da Kaura da Zangon Kataf da Jaba da Kachia da Kagarko da Kauru da Sanga, a zaunar da jami'i guda mai karɓar buƙatun bayanai, a rubuta sunansa a ƙofa, ya riƙa ba da rasit mai kwanan wata. Abin da ya shigo wa ƙaramar hukuma kowane wata da abin da ta kashe a manna shi a allo, a karanta a rediyo. Jerin waɗanda aka ba diyya ko tallafi a kai shi mazaɓu. Fitar da alƙaluman tsaro duk wata uku kuma a sa shi cikin doka, yadda ba zai dogara da ra'ayin wanda ke kan kujera ba.

In ka amsa wannan wasiƙa, ranka ya daɗe, ana roƙon amsar ta zo a rubuce, kuma a karanta ta a Kafanchan.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira.

Naka cikin girmamawa,
Wani mazaunin Kafanchan,
Ƙaramar Hukumar Jama'a, Jihar Kaduna.